Ruwan Langa

Shekarar da aka kwashe mazan Gidan Maiguwa zuwa aikin hanyar kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, can wajen Madawa, har da Umaru mijin Sabuwa aka tafi. Lokacin Turawa na yaƙinsu, ba a tambayar talaka ko yana so. Da zai tafi bai yi doguwar magana ba. Ya tsaya bakin danga da gorar ruwa a kafaɗa, ya nuna ɗansu Mato da haɓa, ya ce mata yadda ya bar shi, haka yake so ya tarar da shi. Ta ce to. Ba ta da wani aiki a duniya da ya wuce ta cika wannan alkawari.

Mato bai wuce shekara goma ba, siriri ne, ga kunnuwa fato-fato, ga taurin kai irin na ubansa. Shi ne ɗan farinta, kuma a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta tsaya masa in ana faɗa. In za ta kira shi sai ta ce "kai", in za ta ba da labarinsa sai ta ce "wancan yaron". Ba ƙi ba ne, kunya ce. Gidansu na can gefen gari, gindin dutse, a unguwar da kakanninsu azna ne masu yanka a kan tsauni. Sun yi sallah tun zamanin kakan Mato, amma mutanen gari, Allah ya shirye su, ba sa manta abin da ba ya amfaninsu.

Da an gama kaka, an ɗaure dawa da gero an kai rumbu, samari su koma kokowa, yara kuma langa. Wanda bai san langa ba, ga ta. Yara su rabu gida biyu a kan rairayin ƙorama. Kowa ya lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, ya tsaya a kan ɗayar yana tsalle. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya mutu, sai ya koma gefe. A gida ɗaya akwai yaro guda da ake kira ruwa, sauran kuwa dawakinsa ne. Aikin ruwa ya ratsa abokan gaba ya taɓa kututturen aduwa da ke ƙarshen fili, aikin dawaki su kewaye shi su bangaje duk wanda ya nufo shi. In ya taɓa, an sha. In an kayar da shi, an kashe wasa, a sake sabo. Ba a sa kowa ruwa sai mai sauri da wayo, shi ya sa uban da aka ce ɗansa ne ruwa har tafiyarsa takan sauya.

Duk wasannin garin a hannun Bawa Sarkin Samari suke. Bawa ba mugu ba ne, amma dara ta cinye shi. Da la'asar ta yi zai zauna ƙarƙashin gawo a bakin ƙorama tare da tsofaffi masu tufkar igiya, ya duƙa kan gurabun dara, ko gobara ta tashi bai sani ba. Don kada yara su dame shi, ya naɗa musu sarki a cikinsu, Alƙasim, ɗan ƙanen maigari. Alƙasim ya girmi Mato da shekara huɗu ko fiye, wuyansa kamar na maraƙi. Ya taɓa bin ubansa garin Buza, inda Turawa ke shari'a, ya ga yadda ake jera mutane a rana ana zane su da bulala, ya dawo ya ce daga yau kumandan za a riƙa ce masa. Tsofaffi suka yi dariya, suka ce yaro ne.

A kakar nan ce aka fara sa Mato ruwa. Ba rana ɗaya ba, kullum. Labari ya kai bakin rijiya, mata suka riƙa yi wa Sabuwa barka, wasu da zuciya ɗaya, wasu da taɓe baki, wai ɗan gindin dutse ne ruwan yaran gari, lallai duniya ta juya. Sabuwa ta sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata, ta ce ita ba ta san abin da wancan yaron ke yi ba. Amma a ranta daɗi ta ji, daɗi ƙwarai. Ta riƙa ƙara masa nono a fura, tana tunanin ranar da Umaru zai dawo ya ji.

Yaro kuwa yana dawowa da ciwo. Yau gwiwa ta saluɓe, gobe leɓe ya fashe, jibi ido ya kumbura. In ta tambaya ya ce langa ce. Ta daka bagaruwa ta barbaɗa masa, ta ce a ranta ruwa dole ya sha bangaza. Sannu-sannu ya daina cin tuwo sosai, ya daina waƙar da yake yi wa awaki. Wata safiya ta ga ya kasa ɗaga hannun hagu ya sa riga, da ta taɓa haƙarƙarinsa ya yi ƙara ya cije hannunsa. Ta ce ya huta da zuwa fili. Ya dube ta da ido jajur, ya ce in bai je ba ya mutu. Ta ɗauka maganar wasa yake, tunda a langa kowa na mutuwa sau goma a wuni.

Da ba itace ya ƙare mata ba, da ba ta sani ba har yau. Ran nan bayan la'asar ta hau dutse neman kirare, ta haɗa dami, ta biyo ta gefen da ke kallon ƙorama. Daga can bisa ana ganin fili tas, kamar ƙwarya a hannu. Ta tsaya ta ɗan saci kallo, tunda babu mai ganinta balle a ce ta yi rashin kunya. Ta hango shi a tsakiya, ɗan ƙarami, yana tsalle, dawakinsa sun kewaye shi, Alƙasim a gaba. Zuciyarta ta yi fari.

Sai ta ga abin da wanda ke zaune ƙarƙashin gawo ba zai taɓa gani ba. Da abokan gaba suka taho, Alƙasim ya yi fito, dawakin Mato suka dare biyu, suka buɗe hanya. Babu wanda ya tare kowa. Ƙattin yara uku suka afka masa lokaci ɗaya, ɗaya ya sa masa kafaɗa a ƙirji, ya yi sama ya faɗo da baya. Ya kamata wasa ya mutu a nan. Ina! Gida biyun nan duka suka saki ƙafafunsu suka zagaye shi, suka rufe shi yadda daga nesa ƙura kawai za a gani da kawuna. Suka shiga shurinsa. Alƙasim ya durƙusa masa a ciki, ya debi rairayi ya cusa masa a baki, sauran na tafi suna cewa, "Ce ka ƙafe! Ce ka ƙafe!"

Wannan doka ba ta cikin langar kowa, Alƙasim ne ya ƙirƙiro ta. In ruwa ya faɗi ba a ɗaga masa sai ya ce "na ƙafe", wanda kuwa ya furta haka ya bar fili ke nan, ba mai sake yi masa magana, ko a kiwo ko a bakin rijiya. Yaran gari sun so ɗan azna ya kori kansa da bakinsa. Shi kuma ja'irin ya ƙi faɗa. Ya san in ya bar fili babu abin da ya rage masa sai awaki da dutse. Don haka kullum sai su yi ta dukansa har su gaji, su tashe shi, su sake sa shi ruwa.

Sabuwa ba ta san lokacin da ta jefar da dami ba. Ta zaro icce ɗaya mai kauri ta gangaro, duwatsu na yanka mata ƙafa, zani na neman kwancewa. Ta ratsa ta gaban gawo tana ihu, kuma abin da take kira shi ne ya sa tsofaffi suka miƙe tsaye, sunan ɗan farinta, da ƙarfi, a bainar jama'a.

"Mato! Mato!"

Yara suka watse, ban da Alƙasim da bai ankara ba. Ta sauke masa iccen a gadon baya, ya juyo, ta ƙara masa a goshi. Fata ta tsage, jini ya rufe masa fuska. Ya yi rarrafe zai gudu, ta bi shi tana maka masa a cinya, a hannu, duk inda ta samu, har sai da Bawa ya riƙe ta ta baya ya murɗe iccen. Ni dai ban ga laifinta ba, ko da an ce akwai. Ta fizge ta je ta ɗaga ɗanta, ta sa yatsa tana kwakulo masa rairayi daga baki, haƙori ɗaya ya biyo yatsanta. Mato ya ture hannunta, ya tashi da kansa, ya tafi gida yana ɗingishi, bai waiwaye ta ba.

Washegari aka kira ta ƙofar maigari. Ta faɗi abin da ta gani, dalla-dalla. Aka tambayi Bawa, ya rantse kullum yana wurin, bai taɓa ganin komai ba sai langa. Aka tambayi yara, suka ce ruwa ya faɗi ne suka taru su tashe shi. Aka tambayi Mato, ya dubi ƙasa ya ce langa ce. Uban Alƙasim ya nuna goshin ɗansa da aka ɗaure da tsumma, ya ce sun girmama yaron gindin dutse sun sa shi ruwa, ga sakayyar da suka samu. Maigari ya yi mata faɗa tas gaban mutane, ya ce macen da ta shiga filin maza da sanda, ta kuma kama sunan ɗan fari a tsakar gari, ba ta bar wa kanta komai ba. Ya yanke cewa Mato ba zai sake taka fili ba sai in Sarkin Samari ya yarda. Mata suka samu abin yi, da ta doso rijiya sai wata ta yi siririyar murya ta ce "Mato, Mato", sauran su fashe.

Wannan bai ƙona ta ba kamar abin da ta tarar a gida. Yaron ya daina yi mata magana. Ta ajiye masa tuwo, ya bar shi ga kaji. Sau ɗaya ya buɗe baki, yana zaune bayan rumbu ya juya mata baya.

"Sun yi wata guda ba su sa na faɗa ba. Ke rana ɗaya kin ƙafar da ni."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ta raba shi da duka, ga shi yana bushewa a gabanta, kuma ba haka Umaru ya bar shi ba.

Bayan kwana kaɗan ta yi shawara da ranta, ta tare Bawa a hanyarsa ta zuwa gawo. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gaida mai sarauta, ta ce ba ƙara ta kawo ba, alfarma take nema, ya hau dutse tare da ita sau ɗaya kawai. Ya ce ba ya hawan dutsen azna. Ta ce ai ba yanka za su yi ba, kallo ne, in kuma tsoro yake ji ta nemo yaro ya riƙe masa hannu. Wannan ta ci shi, ya tattara riga ya bi ta yana ƙunƙuni, yana cewa ana jiransa a dara.

Suna kaiwa sama wasa ya fara. Goshin Alƙasim bai gama warkewa ba, amma yana nan a gaba. Ruwan ranar wani yaro ne, Manzo, ɗan wata bazawara mai sayar da daddawa, ko Mato ya fi shi jiki. Ita kanta Sabuwa ta zaci tunda ɗan azna ya tafi abin zai lafa, ta zo ne kawai ta nuna wa Bawa inda ake buɗewa. Sai ga fito, sai ga dawaki sun dare. Aka yi sama da Manzo, aka rufe shi. Daga inda suke suna ganin duga-dugai na sauka a kansa, suna jin tafi da waƙar "ce ka ƙafe". Wani ya kama ƙafarsa ya ja shi daga rairayi zuwa kan tsakuwa, bayansa na gurzar ƙasa. A can ƙarƙashin gawo kuwa tsofaffi na ta tufkarsu, ɗaya ma har yana gyaɗa kai yana jin daɗin ihun yara.

Bawa ya dafe kai. Ya ce, "Innalillahi. Can nike zaune kullum."

"Can kake, Sarkin Samari," in ji ta.

Kunya ta kama shi, kuma namiji in kunya ta kama shi gaban mace, fushi yake mayar da ita. Ya ce ta bar masa, gobe zai yi maganin abin, ta turo yaronta fili. Ta tambaye shi me zai yi, ya ce ba a koya wa Sarkin Samari aikinsa. Da ta matsa da ta ji, da wataƙila ta hana. Amma murna ta rufe ta, don za ta koma gida ta ce wa wancan yaron an buɗe masa fili.

Kashegari Bawa bai taɓa dara ba. Ya tsaya tsakiyar rairayi da tsumagiya, ya tara yara, ya ce ya ga komai daga bisa, kada wanda ya buɗe masa baki. Ya ce tunda ruwa girma ne, yau sarkin yara da kansa za a girmama. Ya sa Alƙasim ruwa. Ya zaɓo ƙananan nan da aka saba takawa, Mato da Manzo da wasu, ya ce su ne dawakinsa. Ƙattin da ke yi wa Alƙasim fadanci ya tura su ɗaya gidan, ya ce duk wanda ya sassauta, shi da tsumagiya. Sannan ya ce dokar da sarkinsu ya kafa tana nan, ba a ɗaga wa ruwa sai ya faɗi abin da ake faɗa. A ganinsa ya yi hikima, mugu zai ɗanɗana abin da yake dafawa, shi ke nan magana ta ƙare.

Sabuwa tana kan dutse, ta ɓuya bayan wani kalgo. Ta ga Alƙasim ya kama ƙafa yana waige-waige, yana kiran abokansa da sunayensu, babu wanda ya dube shi. Aka fara. Ba a yi taku biyar ba ta ji fito. Ta san wannan fiton, da shi ake kiran awakinta kullum da yamma. Dawaki suka dare, ƙatti suka shigo. Waɗanda jiya suke ce masa kumandan su suka fi kowa zafi, don kowa na so Bawa ya ga ba ya cikin masu laifi. Suka haɗa shi da ƙasa har sai da ta ji ƙarar faɗuwarsa daga can sama.

Aka rufe shi. Bai jure ko na tafasar ruwa ba, ya fara ihu, "Na ƙafe! Na ƙafe! Don Allah na ƙafe!" Manyan suka ja da baya. Manzo ma ya koma gefe ya tsuguna yana kuka. Mutum ɗaya ne bai ja ba. Mato ya hau ruwan cikinsa, ya sa gwiwa a maƙogwaronsa, ya fizge tsumman goshi, ya danna yatsa cikin ciwon da bai warke ba. Ya debi rairayi ya cusa masa a baki, ya ƙara, ya ƙara. Alƙasim na shure-shure, idanunsa sun firfito, ya kasa ko tari. Mato ya lalubo dutse mai cika hannu ya sauke masa a baki. Ya ɗaga ya sake saukewa. Yara na kallo, ba mai tafi, ba mai motsi. Bawa na tsaye da tsumagiyarsa yana cewa "ya isa, ya isa" da muryar da ko kaza ba za ta kora ba, don a ransa yana ganin bashi ake biya.

Karo na biyu ke nan Sabuwa ta gangaro dutsen nan da gudu, amma yau ba ta ɗauki icce ba, ba ta kira sunan kowa ba. Ta cafke hannun da ke riƙe da dutsen, ta rungumo yaron ta baya ta ɗaga shi sama. Ya yi ta harbin iska, ya juyo ya kafa mata haƙora a dantse har suka nutse, bai ma san wa ya ciza ba. Ba ta sake shi ba sai da jikinsa ya yi sanyi. Alƙasim na kwance yana aman rairayi da jini, haƙoransa na gaba sun zube, leɓensa ya rabu biyu. Tsofaffi suka taso suka ɗauke shi a tabarma.

Uban Alƙasim ya zo yana kumfar baki, zai kai ƙara har Buza. Bawa ya dube shi ya ce langa ce, a gabansa aka yi, ruwa ne ya faɗi. Aka tambayi yara, suka ce haka ne, ruwa ne ya faɗi kan dutse. Dole mutumin ya haƙura da ƙarar, don da bakinsa ya yabi wannan langar a ƙofar maigari. Bawa ya kaɗe riga ya koma gindin gawo, ya ce wa Sabuwa ta kwantar da hankalinta, daga yau babu mai sake taɓa ɗanta. Gaskiya ya faɗa, babu.

Kafin rana ta faɗi suna gida. Ta ɗaure dantsenta, ta debo ruwa a ƙwarya ta wanke masa hannu da ƙafa. Ta duba ko'ina a jikinsa, babu sabon ciwo ko ɗaya, jinin duk ba nasa ba ne. Ta zuba masa tuwon dawa da miyar kuka. Yaron da ya yi kwanaki yana barin abinci ga kaji ya cinye tas, ya suɗe akushi, ya ce a ƙara. Yana ci yana surutu, bakinsa bai tsaya ba, kamar ba shi ne ya yi mata gaba ba. Ya ce ta ga yadda ƙattin nan suka riƙa matsa masa hanya da za su taho? Ya ce har wani ya ba shi goruba. Ya ce sun taru bayan an tafi da Alƙasim, sun ce shi ne sarkin yara yanzu, Sarkin Samari ma ya ji bai ce komai ba. Ta zuba masa ido tana neman yaron da aka bar mata, tsoro ya kama ta.

Ta tambaye shi, a hankali, to gobe wa za a sa ruwa.

"Manzo," ya ce, da tuwo a bakinsa. "Shi ya tsuguna yana kuka, bai taɓa shi ba ko sau guda. Kowa ya gani."

"Kai kuma mi za ka yi?"

"Ni ke fito, Inna."

Ta miƙa hannu ta janye akushin daga gabansa. Ya ɗago yana mamaki. Ta ce masa yanzu za ta je gidan uwar Manzo ta faɗa mata komai, daga nan ta bi gidan kowace uwa da ke da ɗa a filin nan, har uwar Alƙasim, ko za a kore ta da muciya. Za ta faɗa musu yadda ake buɗewa, da yadda ake rufewa, da sunan wanda zai yi fito gobe. In sun ga dama su yi mata dariya, ta saba.

Mato ya miƙe tsaye. Fuskarsa ta koma irin ta ɗazu a fili, har ta ga hannunsa na dunƙulewa. Ya ce in ta faɗa, za su tsige shi, za su mayar da shi inda yake da, ko ma su ce ya ƙafe. Ta ce ta sani. Ya ce wata guda ana taka shi ba ta je gidan kowa ba, sai yau da ya samu. Ta ce wannan ma gaskiya ne. Ya dube ta ya ce:

"In kin fita ƙofar nan, ba ni ƙara ce miki Inna. Ko Baba ya dawo."

Ta san taurin kansa, wanda aka yi wata ana cusa wa rairayi bai ce ya ƙafe ba, ta san ba barazana yake ba. Ta tsaya riƙe da ƙyauren kara, dantsenta na zugi. Tana son yaron nan fiye da ranta, ba ta taɓa faɗa masa ba, kuma yanzu ma ba ta faɗa ba. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ja ƙyauren, ta fita ta nufi gidan mai daddawa.